Fumfuna a bango, ragi a farashi: yadda laima ke shiga cinikin gida a Maraɗi

Lokacin da kuɗi suka fi yawo a hannun jama'a a Maraɗi, daga kaka zuwa tsakiyar rani, shi ne kuma lokacin da gida ya fi iya rufa wa kansa asiri. An cire amfanin gona, an sayar da wake da gyaɗa da aya, ɗan kasuwa ya ga riba, wanda ke ƙetare ya aiko da abin da ya tara, sai a kira dillali a ce ya nemo gida. A daidai wannan lokaci iskar hunturu ta riga ta tsotse duk laimar da ke jikin gini. Bangon da ya yi baƙi a watan Agusta ya bushe ƙayau, an kankare shi, an shafa farar ƙasa ko fenti, an buɗe tagogi, an sa turaren wuta. Mai saye ya zagaya sau ɗaya ko biyu, ya ƙirga ɗakuna, ya duba takardun fili, ya taya, a sallama masa. Ba zai san abin da ya saya ba sai ruwa ya zauna, bayan wata shida ko bakwai.

Wani zai ce ina fumfuna ina Maraɗi, garin da ruwan shekara gaba ɗaya bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba? Yawan ruwan ba shi ne abin dubawa ba, yadda yake zuba ne. Kusan dukkansa yana sauka cikin wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, kuma Agusta ke ɗauke da kaso mafi tsoka. A waɗannan makonni iska kanta a jiƙe take, wanki ya kwana biyu bai bushe ba, gishiri ya narke a cikin kwalba. Ƙwayoyin irin fumfuna kuwa suna yawo a cikin iska ko'ina, ƙanana ne da ido ba ya gani, babu gidan da ba sa shiga. Abin da suke jira shi ne wuri mai laima da ɗan abin ci, kuma abincinsu ya cika ɗakunanmu: katakon silin, bayan akwati, takarda, fata, tufafi, har ƙurar da ta kwanta a kan fenti. Idan abu ya jiƙe bai bushe ba cikin kwana ɗaya zuwa biyu, fumfuna na iya fara kama shi. Rani kuma ba ya kashe ta. Tana lafawa ne kawai, da laima ta dawo sai ta farka a inda ta tsaya.

Abin da nake so mai saye da mai sayarwa su fahimta shi ne, fumfunar kanta ba ta da tsadar kawarwa. Idan a kan siminti ko karo (wato tayil) take, kuma wurin bai wuce kamar mita ɗaya ba, sabulu da ruwa da buroshi sun isa, a bi da ruwan jabel (wato bilic) in an so, a bar wurin ya sha iska. (Kada a taɓa gauraya jabel da wani maganin wanke banɗaki, hayaƙin da ke tashi yana illata huhu.) Abin da ya riga ya sha ruwa ya rube, kamar silin ko katifa, sai dai a fitar a yar. Duka wannan aikin yini ɗaya ne. Abin da ke cin darajar gida shi ne ruwan da ya ciyar da fumfunar. Ita shaida ce kawai cewa ruwa yana shigowa ta wata hanya, kuma farashi ya kamata ya bi wannan hanya, domin hanyoyin ba ɗaya ba ne ko kusa.

Ruwan da ke zuwa daga sama shi ne mafi sauƙi. Kwano ya yi tsatsa, ramin ƙusa ya buɗe, iska ta ɗaga gefe, indararo ya toshe da ganye da leda. Alamarsa zagayayyen tabo ne a silin, ko zane da ya gangaro daga saman bango. Kafinta zai hau ya faɗa maka adadin kwanon da za a canza, ka san kuɗin, magana ta ƙare. Rufin dal, wato na siminti da ƙarfe, ya fi wannan wuya. Idan ba a ba shi gangara ba, ruwa ya kan kwanta a kai, ya ratsa siminti har ya kai ga ƙarfen da ke ciki. Ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya fasa simintin daga ciki. Don haka in ka ga jan tabo mai launin tsatsa a ƙarƙashin dal, ko ɓarɓashin siminti na zubowa, to maganar ta wuce ta fumfuna, ta koma ta lafiyar rufin da za ka kwana ƙarƙashinsa.

Akwai kuma ruwan da ke zuwa ta gefe: bututun famfo da aka binne cikin bango ya tsage, banɗakin da ke jingine da ɗakin kwana, na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗiga a jikin gini, ko gologon maƙwabci, wato ramin ruwan ƙazanta, da aka haƙa dab da katangarka. Wannan ana gane shi da cewa ba ya bin damina. In ka tarar da bango a jiƙe a watan Maris, ba ruwan sama ba ne. Bututu ana fasa bango a gyara. Gologon maƙwabci kuwa sai da sulhu, wani lokaci sai an kai ga mai unguwa, kuma wanda ya sayi gidan ya sayi rigimar tare da shi.

Wanda ya fi duka nauyi shi ne ruwan ƙasa, kuma a kansa zan daɗe. Birgin siminti da tubalin laka duka suna da ƙananan ƙofofi, suna jan ruwa daga ƙasa zuwa sama yadda lagwanin fitila ke jan kananzir. Idan ƙasar da ke ƙarƙashin harsashin gini tana riƙe ruwa, kuma magini bai sa wani abin tare laima ba tsakanin harsashi da bango, ruwan zai hau, galibi zuwa gwiwa ko ƙugu, ba ya cika wuce mita ɗaya ba. Yana hawa ɗauke da gishirin ƙasa. In ruwan ya bushe gishirin ya rage, shi ne farin garin nan da ke fitowa a gindin bango, yana ɓare fenti, yana marmashe yaɓe. Mutane da yawa suna ɗaukarsa fumfuna, alhali ba ita ba ce: gishirin yana murmushewa a yatsa, yana narkewa in an ɗiga masa ruwa, ba shi da wari, fumfuna tana shafuwa, tana da launi baƙi ko kore ko toka, tana da warin nan na ɗakin da ya daɗe a rufe. Amma uwarsu ɗaya, inda ka ga ɗaya ka nemi ɗayar a bayan gado ko kabad.

Tarihin garin nan kansa ya nuna mana cewa wuri shi ne komai. Tsohuwar Maraɗi a cikin kwarin Gulbi take, har ambaliyar 1945 ta cinye ta, aka tayar da gari aka dawo da shi bisa tudu, aka yanka tituna a miƙe. Tudun yashi ne, yana shanye ruwa da sauri, shi ya sa gidaje da yawa ba su san matsalar laima ba. Sai dai garin ya faɗaɗa ƙwarai tun daga wancan lokaci. An yanka filaye a kan tsofaffin gonaki, an cike kududdufai da shara da ƙasa an yi gini a kai, an tare hanyoyin da ruwa ya saba bi zuwa Gulbi. Ga kuma abin da ba a cika lura da shi ba: titi yana tashi, gida ba ya tashi. Duk lokacin da aka zuba jar ƙasa ko aka shimfiɗa pabe, ko maƙwabta suka ɗaga ƙofofinsu, tsohon gida yana ƙara nutsewa, har tsakar gidan ta koma ƙasa da titi. Ruwan unguwa sai ya mayar da shi masauki. Wannan yana faruwa a tsofaffin unguwanni irin su Bagalam, Mokoyo, Limanci da Maradawa, yana kuma faruwa a sababbi irin su Zariya da Ali Ɗan Tsoho. Sunan unguwa ba ya gaya maka komai a nan. A layi ɗaya wani gidan yana bisa tudu, na biyar daga shi yana cikin kwari.

Daminar 2024 ta fito da wannan fili. A ranar 30 ga Agusta an yi ruwan da ya kai kimanin milimita 150 cikin sa'a ɗaya da rabi a birnin Maraɗi, aka rasa rayuka aƙalla 15, gidaje suka zube. A faɗin Nijar waɗanda suka rasu a wannan damina sun haura 300, waɗanda abin ya shafa sun wuce miliyan ɗaya, kuma jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Har komawa makaranta sai da aka ɗage zuwa ƙarshen Oktoba. Gidajen da suka faɗi kowa ya gan su. Waɗanda suka fi damuna su ne waɗanda suka tsaya bayan sun sha ruwa har gwiwa na kwanaki. An kwashe taɓo, an yi fenti, kuma wasunsu za su shiga kasuwa ba tare da an ambaci abin da ya same su ba.

Gyaran da ake yi wa irin wannan bango sau da yawa ƙara cutar yake yi. Ana manna karo daga ƙasa zuwa ƙugu, ko a shafa fenti mai mai. Ido ya ga tsabta, amma ruwan yana nan, an dai toshe masa mafita, sai ya ƙara hawa ya ɓullo a saman layin karon. A gidan laka abin ya fi haɗari. Bangon laka yana shan laima yana fitarwa, muddin an bar shi yana numfashi da yaɓen ƙasa irinsa. Da aka lulluɓe shi da siminti ciki da waje, ruwan da ya shiga ta ƙasa ko ta tsaga ba ya samun fita, lakar ta yi laushi a ɓoye, simintin na tsaye kamar lafiya lau, sai dare ɗaya a ji bango ya kwanta. Gyara na gaskiya shi ne a ɗaga daɓen gida sama da titi, a yi wa ruwa hanyar fita, a kankare yaɓen da ya lalace a bar bango ya bushe sosai, a sake shi da siminti mai maganin ruwa in ginin birgi ne, ko da yaɓen ƙasa in na laka ne. Wani lokaci ɗaga daɓe na nufin ɗaga ƙofofi da rufi. Wani lokaci kuma babu gyara sam, domin laifin na filin ne, kuma ba a canza wa fili wuri.

To yaya wannan ke taɓa farashi? Mu ɗauki misali da lissafi kawai. A ce ana neman miliyan 15 na sefa a kan gida. Magini da kafinta sun duba sun ce canza kwano da silin da fenti zai ci miliyan ɗaya. Mai hankali ba zai tsaya a ragin miliyan ɗaya cif ba, zai nemi fiye, domin shi zai yi zirga-zirgar gyara, shi zai ci gaba da biyan haya a inda yake har a gama, kuma duk wanda ya taɓa buɗe silin ya san abin da ke ciki ya kan fi abin da aka gani daga ƙasa. Amma dai lamba ce da ake iya zama a tattauna a kanta, kuma a irin wannan hali gida mai fumfuna na iya zama garaɓasa ga wanda ya iya lissafi. Idan kuwa maginin ya ce, "Alhaji, ginin nan ta ƙasa yake shan ruwa, ko an gyara zai dawo," to babu lambar da za a cire sau ɗaya a huta. Ɗawainiya ce ta kowace shekara: fenti, yaɓe, kayan ɗakin da ke lalacewa, magani. A nan mai saye ya daina sayen gida, fili yake saye, kuma fili mai matsala.

Wannan rabuwa tsakanin kuɗin fili da kuɗin gini ita ce ke bayyana abin da ke ba mutane mamaki, wato gidaje biyu masu laima iri ɗaya, ɗaya ya rasa mai tayi, ɗayan a yi rububinsa. Tsohon gida kusa da Babbar Kasuwa ko a bakin babban titi, mai sayensa sau da yawa rushewa zai yi ya gina shaguna ko bene, ya cika ƙasa ya ɗaga harsashi yadda yake so. Fumfunar ɗakunan ba ta dame shi ba, ko ɗakunan bai shiga ba. Amma sabon gida a bayan gari, inda fili ke da sauƙi kuma akasarin kuɗin sun tafi a siminti da ƙarfe da karo, laima tana cin ainihin abin da aka biya. Mai albashin da ya tara kuɗin shekaru, ko matar da ta sayar da gonar gadonta don ta sami inda za ta zauna da ƴaƴanta, su ne ke faɗawa a nan, kuma su ne ba su da rarar da za su sake gini.

Ga wanda ya sayi gida don haya, lissafin ya fi fitowa sarari. Ɗan haya ba ya kai ƙara, tashi yake yi. Ma'aikacin da aka turo aiki, ko ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da suka haɗa kuɗi suka kama ɗaki, in damina ɗaya ta lalata musu katifa da littattafai, ba za su jira ta biyu ba. Gidan da ke zama babu kowa wata uku a shekara ya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin hayarsa, kafin a cire fentin da za a yi wa sabon mai shiga. Kuma gida yana yin suna. Da an ce "gidan nan mai sanyi," ko "wanda ruwa ke shiga," sunan ya kan bi shi ko bayan an gyara. Ina ganin wannan bai zama adalci ga wanda ya kashe kuɗi ya yi gyara na ƙwarai ba, kuma maganinsa shi ne ya ajiye shaida: hotunan aikin tun daga haƙa, rasiɗin kaya, da maginin da zai iya tsayawa ya yi bayani.

Maganar lafiya ba ta cika shiga bakin masu ciniki ba, domin masu cinikin ba su ne ke yini a ɗaka ba. Mata da yara da tsofaffi ne ke shaƙar iskar ɗakin dare da rana. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora na musamman a kan laima da fumfuna a cikin gine-gine, inda ta tabbatar da cewa zama a gida mai laima yana da alaƙa da tari, toshewar hanci, shaƙewar numfashi da tashin asma. Akwai kuma wata fumfuna mai suna Aspergillus da ke iya kafuwa a cikin huhun wanda ya taɓa yin tarin fuka, a ramukan da cutar ta bari, kuma irin waɗannan mutane ba su da wuyar samu a cikinmu. Danginta ne ke kama gyaɗa da masara in an ajiye su a wuri mai laima, su bar wata guba da ake kira aflatoksin, mai lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashewa. A gari irin namu da kusan kowane gida ke da ɗakin ajiyar hatsi, kuma ƴan kasuwa ke kama gidaje su mayar da su sito, laimar daɓe tana shiga har cikin tukunya. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a je duba gida ba tare da uwargida ba. Ita ce za ta ja kabad ta leƙa baya, ita za ta ji warin da maigida ya wuce bai ji ba, kuma atamfofinta da kayan ɗakinta ne za su fara yin tabo.

A wasu ƙasashe wannan magana ta kai kotu ta sauya kasuwa. A jihar Texas ta Amurka, a 2001, kotu ta yanke wa wani kamfanin inshora biyan dalar Amurka miliyan 32 ga wasu iyali da fumfuna ta mamaye gidansu. Daga baya an rage kuɗin ƙwarai a ɗaukaka ƙara, amma kamfanonin inshora sun tsorata, suka riƙa taƙaita ko cire fumfuna daga abin da suke biya. A Ingila kuma, wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, ya rasu a garin Rochdale a Disamba 2020, bincike ya tabbatar da cewa fumfunar gidan hayar da suke ciki ce sanadi. An yi doka da sunansa, wadda ta fara aiki a Oktoba 2025, ta ɗora wa masu gidajen hayar jama'a wa'adin da dole su duba su gyara. A can akwai mai duba gida na sana'a kafin ciniki, akwai inshora, akwai banki da ke ƙin ba da bashi a kan gida mai laima. Mu a nan yawancin ciniki hannu da hannu ne, tsakanin mai gida da dillali da shaidu. Hankalinmu duka yana kan takarda, ko filin na da rigima, ko akwai magada da ba su sa hannu ba. Wannan daidai ne, amma ba wanda ke tambayar tarihin ruwan gidan da irin wannan naci.

Ba wai ba mu da hukunci ba ne. Hadisin da kowa ya haddace a kan algus, a kan laima ya zo. Manzon Allah (SAW) ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya sa hannu ciki sai yatsunsa suka ji danshi. Mai abincin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Aka ce masa don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba mutane su gani, sannan aka faɗi cewa wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Ba a zargi mutumin don ruwa ya taɓa kayansa ba, ɓoyewar aka zarga. Malaman Malikiyya kuma sun yi wa aibin gida bayani na musamman, suka kasa shi uku. Ƙaramin aibi da ba ya rage farashi ba a komawa a kansa. Matsakaici, kamar tsagar bango da ba a tsoron faɗuwar gida saboda ita, mai saye yana riƙe gidan a mayar masa da ƙimar aibin. Babba kuwa, wanda da yawansu suka auna da sulusin farashi ko fiye, yana ba shi damar mayar da gida ya karɓi kuɗinsa. Dubi yadda wannan ya dace da abin da muka faɗa: tabon silin, da yoyon dal, da filin da ke shan ruwa, ba hukuncinsu ɗaya ba.

Dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa ita ma haka ta tafi. Daga aya ta 1641 zuwa gaba ta ɗora wa mai sayarwa lamunin ɓoyayyen aibi, wanda da mai saye ya san da shi ba zai saya ba, ko zai saya a ƙasa da haka. Mai saye na da zaɓin mayar da kaya ko neman ragi, kuma idan mai sayarwa ya san da aibin ya yi shiru, akwai diyya a kansa. Sai dai akwai sharuɗɗa biyu da ke kayar da mutane. Aibin da ke fili, wanda kowa zai iya gani, ba a komawa a kansa. Kuma dole a tashi da wuri da zarar an gano, ba a zauna damina biyu ana gunaguni ba. Abu mafi wuya shi ne tabbatar da cewa laimar ta riga cinikin, tunda mai sayarwa zai ce ruwan bana ne ya yi yawa. A nan tsohon ɗan haya da maƙwabta suke zama shaidu masu daraja.

Dillali yana tsaka mai wuya, ban kuma ce duka ɗaya suke ba. La'adarsa tana fitowa ne in ciniki ya faɗa, kuma tana girma da girman farashi, don haka komai na tura shi ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan sanyin damina ne, fenti ɗaya zai kashe shi." Amma shi ne ya fi kowa sanin layin da ruwa ke kwana. Illar shirun ba ta tsaya a kan mai saye ɗaya ba. In masu saye suka saba jin labarin wane da wane da aka rufe, sai su daina yarda da kowane sabon fenti, su riƙa taya kowane gida a ƙasa don kariya, mai gida lafiyayye ya biya kuɗin laifin da bai yi ba.

Ga mai shirin saye, lokacin duba gida shi ne Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. A ranar za ka ga inda ruwa ya kwanta, inda ya bi, da gidan da ake kwashe shi da bokiti. In ciniki ba zai jira damina ba, rani ma yana barin alamu ga mai natsuwa. Fara daga waje: tsaya a titi ka duba ko sauka ake yi in za a shiga gidan ko hawa. Ƙaramar katangar da aka gina a bakin ƙofa, ko buhunan yashi da aka jibge a gefe, suna gaya maka abin da mai gida bai faɗa ba. Dubi bangon maƙwabta, domin mai sayarwa nasa kaɗai ya yi wa fenti. In layin ruwa ya fito a katangar hagu da ta dama, bai tsallake ta tsakiya ba. A ciki, ka lura da fentin da ya tsaya a rabin bango, da karon da aka manna a ɗakin kwana inda ba a saba sa shi ba, da gindin ƙofar ƙarfe da tsatsa ta ci, da hanyar gara, tunda ita ma laima take bi. Ƙwanƙwasa yaɓe da mabuɗi: inda ya yi amon fanko ya rabu da bango. Nemi a rufe ɗaki kwana ɗaya ba turare, ka dawo da sassafe ka shaƙa. In an ba ka dama, manna farar leda a bango ka like gefunanta na kwana biyu; raɓa a fuskar da ke kallon bango na nufin ruwan daga cikin gini yake. Ka zo da magininka, wanda kai za ka biya, ba wanda dillali ya kawo ba. Kuɗin yininsa ba su kai komai ba a kan miliyoyin da za ka miƙa, kuma ya fi cinikin biri a sama.

Sannan a rubuta. A cikin takardar ciniki, gaban shaidu ko gaban noter (jami'in da ke tabbatar da takardun ciniki), a sa layi ɗaya inda mai sayarwa zai faɗi ko ruwa ya taɓa shiga gidan, a wace shekara, da gyaran da aka yi. Idan an yi ciniki da rani kuma akwai shakka, ana iya yarjejeniya a riƙe wani kaso na kuɗin a hannun amintaccen da ɓangarorin biyu suka yarda da shi har ƙarshen Satumba: in bango ya fita damina a bushe a miƙa wa mai sayarwa cikon kuɗinsa, in laima ta fito a cire kuɗin gyara daga ciki bisa ƙiyasin maginin da aka ambata sunansa tun farko a takardar.